Wayar Tsakiya

A wani gari an yi wani malamin kimiyya da ɗalibarsa Kuluwa, wadda hannunta ya fi idonta sauri. Ran nan ya zana mata wayoyi biyar a allo, kowacce turjiyarta ga wutar lantarki goma ce a ma'aunin om: biyu a jere ta sama, biyu a jere ta ƙasa, ɗaya ta haɗa tsakiyarsu.

Ya ce, "Nawa ce turjiyarsu gaba ɗaya? Duba tukuna."

Kuluwa ba ta duba ba, ta cika shafi da lissafi. Ya ce, "Duba tukuna." Ta cika na biyu. A na uku malam ya dafe kai, ya karɓe alƙalamin.

"Kuluwa, kin ishe ni. Biyo ni."

Ya kai ta lambu, inda ruwa ya rabu cikin magudanai biyu iri ɗaya, da wata 'yar hanyar ruwa da ta haɗa tsakiyarsu. Ya jefa ganye a 'yar hanyar. Ganye ya tsaya cak.

"Me ya hana shi tafiya?"

"Malam, ai ba gefen da ya fi wani ƙarfi."

Da suka koma aji, ta goge wayar tsakiya da yatsa. "Wuta ba ta bin wannan, kamar ruwan 'yar hanyar. Ashirin sama, ashirin ƙasa, wuta ta rabu biyu. Goma ke nan."

Ya miƙa mata sabon zane da alƙalaminta. Ta ajiye alƙalamin.

"Malam, bari in duba tukuna."