Gonar da Kunya Ta Cinye

Asma'u na kaɗi a tsakar gidansu a Tsiga, tun zamanin da ake ciniki da wuri, sai ta ji kururuwa daga gidan Malam Shitu. Mazarin ya suɓuce mata. Tsohon ya cika!

Manu, saurayin da take so kamar ranta, agola ne a gidan, ba shi da gado. Mahaifinta Malam Sanda kuwa ya ce ba zai ba marar gona 'yarsa ba. Bara marigayin ya ce wa Manu, "Gonar audugar bakin rafi na ba ka." Amma Manu sarkin kunya ya ce ina shi ina kafa fartanya a gonar Baba yana raye? Ya bar ta cikin gandu.

Ranar rabon gado ta tare shi a ƙofar gida.

"Manu, ka ce ka taɓa noma ta! In ba haka ba Buba zai ƙwace, a raba mu!"

Buba shi ne babban ɗan marigayin, ga zafin kai.

"Rantsuwa fa za a ba ni, Asma'u. Da Alƙur'ani!"

"Wayyo Allah! To ni fa?"

Ya sunkuyar da kai ya shige zaure. Ita kuma ta laɓe bayan zana.

Liman ya ce, "Kyauta ba ta tabbata sai an karɓe ta mai ita yana da rai. Manu, ka karɓa? In ka karɓa, ga Littafi."

Buba ya zuba masa jajayen idanu. Manu ya dubi Alƙur'anin, ya janye hannunsa.

"Allah gafarta Malam, ban karɓa ba."

Gona ta faɗa gado. Asma'u ta durƙushe ta toshe baki.

Sai ga muryar Inna, uwar Manu, wadda ke takaba, daga bakin ƙofa. "Malam, tumunina fa? A fitar mini daga gonar nan, na ba Manu. Kai kuma Manu, ɗauki fartanya yanzun nan, kunyarka ta ishe mu haka!"

Aka ɗunguma bakin rafi, aka auna masa ɗan tsiri, ya kai sara a gaban shaidu.

Malam Sanda ya dubi wurin ya taɓe baki. "Nan ko kwando goma na auduga ba za a samu ba."

Asma'u, da ta biyo su daga nesa, ta tsaya tana saurare.

Sai Malam Sanda ya juya ga Manu ya ce, "Amma wanda ke tsoron rantsuwar ƙarya fiye da talauci ba zai ci amanar 'yata ba. Ka turo magabatanka."

Jama'a, mai haƙuri da gaskiya ba ya taɓewa. Amma in za ka ba da abu, miƙa shi a gaban shaidu tun kana numfashi. In an ba ka, karɓi, don gado bai san kunya ba.