Maganar da Galadima Tahir Ya Ajiye

A zamanin Sarki Usaini na Garun Kanya, wani gari mai ganuwa a arewacin Kano inda gona ke manne da gona, damina ta yi albarka har gero ya fara sunkuyar da kai. A lokacin ne Madawaki ya rasu, aka shiga neman magaji.

Galadima Tahir shi ne bakin fada. In ya soma magana, ko mai gardama sai ya gyara zama. Ya so a ba ɗansa sarautar, ya bi manya ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda bai sani ba. Sarki kuwa ya zaɓi Abdulkabir, ɗan marigayin, aka sa ranar naɗi.

Ana cikin shiri sai wani madugu, aminin Galadima, ya sauka gidansa daga arewa. Ya ce ya ga mayaƙa suna taruwa, kuma ba ganuwa suke nufi ba, gonaki suke jira su nuna. Nan take Galadima ya hango magani: a yanke geron ko bai gama bushewa ba, a shigo da shi gari.

Yayarsa Asiya, wadda ta goya shi, ta ji zancen.

"Tahiru, tashi ka je wajen Sarki yanzu, ka same shi shi kaɗai."

"Yaya, magana irin wannan taro take so."

"Ita ke son taro, ko kai?"

Abin da ke ransa shi ne ya faɗe ta gaban sabon Madawaki, jama'a su ga an damƙa yaƙi hannun wanda bai san abin da ke tafe ba. Sai ya ajiye maganar, madugu kuma ya wuce kudu da ayarinsa.

Al'adar garin, ranar naɗi ba a kawo wa fada komai sai addu'a. Ko rasuwa aka yi, a bari sai gobe. Amma da ranar ta zo, Liman na shafa fatiha Galadima ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, yaƙi na tafe, kuma abincinmu na waje."

Ya kawo hujja, ya tuna musu yunwar da kakanni suka sha, ya kwatanta mata da yara gaban rumbu ba ƙwaya. An ce bai taɓa tsara magana kamar ranar ba. Amma ba wanda ya ji yaƙi a cikinta, hassada kowa ya ji.

Sarkin Noma ya ce, "Ranka ya daɗe, mu yanke gero ɗanye don ɗan wani bai sami rawani ba?"

Sarki ya ce, "Mun ji, Galadima. Allah ya huci zuciyarka."

Mayaƙan suka zo yadda ya faɗa. Sabon Madawaki ya riƙe ƙofofi, gari bai faɗi ba. Sai dai mutane sun tsaya kan ganuwa suna kallo ana ɗora geronsu kan raƙuma, saura aka cinna masa wuta. Kafin wata damina gidaje da dama sun tashi, waɗanda suka zauna kuma sun binne yara.

Sarki ya tara fada, ya ce, "Galadima, ka faɗi gaskiya muka ƙi. Ka yafe mana." Manya suka sunkuyar da kai. Sannan Sarki ya ƙara, ba da wata manufa ba, "Wai yaushe labarin ya iso maka?"

Kunya ta rufe Galadima, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ƙarya na kusa, madugu na nesa, amma ya dubi mutanen da suka rame suna neman gafararsa, ya kasa.

"Tun ana shirin naɗi, ranka ya daɗe."

Duk manomin da ke wurin ya san kwanakin nan sun isa a yi girbi.

Sarki bai tuɓe shi ba, kuma masu ba da labari sun ce wannan ya fi tuɓewa ciwo. Ya tsufa da rawaninsa, yana zama a fada, ba a ƙara jin muryarsa ba.

Mulki na Allah ne, kuma abin da ya ƙaddara ba makawa. Amma gaskiya ba ta shiga kunne ita kaɗai, sai an dubi wanda ya ɗauko ta da ranar da ya kawo ta. Mutanen Garun Kanya sun ce yunwar ƙaddara ce. Galadima Tahir har ya mutu bai taɓa kiran ta haka ba.