Baƙin Mai a Kwana ta Uku

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na safiyar Lahadi aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa mutum ya mutu a filin tseren tsofaffin babura. Kafin Sufeto ya isa, motar asibiti ta ɗauke gawar. Abin da ya tarar shi ne baƙin man inji malale a kwana ta uku ta hanyar tseren, da hular kwano a gefen ciyawa, kowa yana kewaye ta.

Saje ya riga shi zuwa, ya tattara bayani. Ƙungiya ce ta masu farfaɗo da tsofaffin babura, yawancinsu masu furfura. Sau ɗaya a shekara suke haɗuwa: Asabar su baje baburan a kalla, Lahadi su yi tsere. A zagaye na huɗu mai ya ɓalle daga babur mai lamba huɗu. Wanda suke kira Lamba Tara yana biye da shi. Ya hau man, taya ta zame, ya daki shingen ƙarfe.

Mai lamba huɗun yana zaune a kan tsohuwar taya, bai cire safar hannu ba. Baban Gareji ake ce masa, don rabin baburan filin a hannunsa suka tashi.

"Ni ne, Yallaɓai," ya ce tun kafin a tambaye shi. "Ba sai kun wahalar da kowa ba."

Ya yi bayani a hankali. A ƙarƙashin inji akwai noti guda da ke toshe baƙin mai. Dokar tsere ta ce a huda shi, a zura siririyar waya, a murɗe ta a jikin inji, don kada girgiza ta kwance shi. Ya ce ya canza mai ranar Juma'a, tabbas ya manta wayar. Shekara arba'in suna tare da mamacin, ga abin da ya saka masa da shi.

Aka tafi da shi ofis ya rubuta bayani. Saje ya ce shi bai taɓa ganin fayil ɗin da ya rufe kansa kafin azahar ba. Sufeto ya koma inda man ya malale. Ya bi layin man da ƙafa, yana komawa baya zuwa inda ya faro. A cikin tsakuwa ya tsinci notin.

Akwai guntuwar waya a raminsa.

Ya je ya durƙusa a gefen babur ɗin. Ɗaya rabin wayar yana nan a jikin inji, an lanƙwaso shi waje, yana tsaye kamar gashin bakin kyanwa. Ko yaro ya leƙa zai gan shi.

Mai duba babura kafin tsere yana rumfarsa. Alƙali suke ce masa, don shi ke cewa wannan ya shiga, wannan ya koma gida. Mutum ne mai tsabta, biro uku a aljihun gaba. Ya nuna sunan babur ɗin a takarda, da sitikar da ya manna a tanki.

"Ka ga wayar da idonka?"

"Da idona."

"Lafiya lau take?"

"Da ba lafiya ba, da ban manna sitika ba."

Yana magana yana gyara biron da ba su karkace ba. Sufeto ya yi godiya ya fita.

Washegari da hantsi ya je garejin. Babura shida ne a jere, wasu babu inji, wasu babu taya. An zana siffar kowace sifana a bango, kowace tana rataye a kan zanenta. Abokin aikin Baban Gareji, mai fentin tankuna, yana zaune gaban wani tanki da ya goge rabi ya bari.

Da ya ji cewa tsohon ya ce ya manta wayar, sai ya ja tsaki. Ya ce mutumin da ke komawa sau biyu ya duba ko ya kashe fitila, shi zai manta waya? Ya ciro wayarsa ta hannu ya nuna hotunan bajekolin Asabar. Shi ya ɗauki injin daga ƙasa, don alƙalan bajekoli har murɗin wayar suke ba wa maki. Tana nan, a murɗe tsaf. An ɗauki hoton ƙarfe biyar na yamma, dab da loda babur ɗin a mota a kai shi gida.

Sufeto ya ba shi notin. Mai Fenti ya juya shi a tafin hannu.

"Wannan ba bakanike ba ne. Filaya sau ɗaya take cizo. Wannan an yi ta tauna shi ne, da almakashi ko makamancinsa."

Sufeto ya tambaya ko yanke waya kaɗai ya isa noti ya faɗi. Mai Fenti ya ce a wani babur ɗin a'a, sai a gama tsere goma bai faɗi ba. Amma injin nan ya girmi Sufeto, haƙoran ramin sun cinye, kuma ba a samun irinsa. In aka matse notin da ƙarfi zai ɓare. Don haka Baba da yatsa yake ɗaure shi, ya ɗan taɓa da sifana, sauran aikin waya ce ke yi. Duk wanda ya taɓa shan shayi a garejin nan ya san haka.

"To da Alƙali ya ga babu waya fa?"

Mai Fenti ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ya ce Alƙali a hannun Baba ya koyi riƙe sifana. Babur ɗin kowa sai Alƙali ya kwanta a ƙarƙashinsa da tocila, amma na Baba, daga tsaye yake gaishe shi ya manna sitika. Wannan ma kowa ya sani.

Sufeto ya kai ƙofa sai mutumin ya ƙara da cewa abu ɗaya ne ya hana shi barci. Lamba Tara ya fi Baba gudu nesa ba kusa ba, bai taɓa ƙarewa a bayansa ba. Jiya kuwa zagaye huɗu ya yi yana manne da shi, ga hanya a buɗe, bai wuce ba.

A mota Saje ya ce to ai magana ta fito, wani ne ya so kashe tsohon. Sufeto ya ce mai son kisa ɓoye aikinsa yake yi. Zai sassauta notin ya bar wayar a inda take. Wannan kuwa ya lanƙwaso ta waje.

"So yake a gani, Saje. Ya san doka, amma bai san babur ɗin ba, bai kuma san Alƙali ba."

Baban Gareji ya kwana a ofis, bai taɓa abincin da aka kawo masa daga gida ba. Sufeto ya ajiye notin a kan tebur. Tsohon ya lalubo shi, ya karkata kai, ya kawo shi dab da idonsa na hagu. Ya daɗe yana kallon bakin wayar. Ya mayar da shi kan tebur.

"Ni na yanke."

"Jiya mantawa ka yi."

"Na tuna yanzu."

"Da me ka yanke?"

"Da filaya mana. Da me ake yankewa?"

"Baba, wa ke gidanka bayan kai?"

Ya ce shi kaɗai za a tambaya. Ya ce a rubuta duk abin da ake so zai sa hannu, a kai shi kotu gobe in ana so.

Alƙali bai daɗe yana musu ba a karo na biyu. Da aka nuna masa hoton da notin, ya zauna a kan matakalar shagonsa ya rufe fuska. Ya ce bai durƙusa ya duba babur ɗin Baba ba. Shekara ashirin bai durƙusa ba. Ya ce daƙiƙa biyar kawai ake buƙata, da Lamba Tara yana gidansa yanzu.

Sufeto ya tambaye shi ko wani ya taɓa neman sanin dokokin duba babur a 'yan kwanakin nan. Ya ce 'yan ƙungiya duk sun haddace su. Sai kuma ya tuna. Ya ce sai dai Auta, 'yar Baba, malamar makaranta. Ta kira shi ranar Laraba ta tambayi wane laifi ne in an samu a babur ba a bari ya shiga tsere ko da na waye. Ya ɗauka taimakon mahaifinta take yi, har ya yaba mata. Wayar notin ya fara ambata.

Gidan Baba ƙarami ne, da rumfar kwano inda ake ajiye mota. Auta ce ta buɗe wa Sufeto da Saje ƙofa. Za ta kai shekara ashirin da takwas. Takardun jarrabawar ɗalibai suna kan tebur, jan biro a kan ta farko, ba a taɓa ta biyu ba. Ta kawo musu ruwa, ta koma ta tsaya jikin bango.

Sufeto bai yi tambaya ba. Ya ce mahaifinta ya amsa cewa shi ya yanke wayar da gangan, kuma in ya tsaya a kan haka, tuhumar da za a yi masa ba ta mantuwa ba ce.

Ta shiga ɗaki ta fito da almakashin ɗinki mai baƙin mariƙi. Bakinsa ya yi tsaga-tsaga. Ta ajiye shi kusa da kofin Sufeto.

Ta ce idon Baba na dama ya kusa mutuwa. Wata huɗu ke nan da likita ya ce ko mota ya daina ja. Ya ɓoye takardar a akwatin kayan aiki, ya rantsar da ita kada ta faɗa wa 'yan ƙungiya. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta daina yi masa magana kwana uku. Ya ce mata wannan ne na ƙarshe. Bara ma haka ya ce. Mahaifiyarta ta rasu, yayyenta suna nesa, ita kaɗai ke ganin yadda yake zuba shayi a gefen kofi.

Safiyar Lahadi, yana wanka, ta hau bayan mota ta kwanta gefen babur ɗin. Akwatin kayan aiki a kulle yake, shi ya sa ta ɗauko almakashi. Ta lanƙwaso wayar yadda ba za a kasa gani ba. A tunaninta Alƙali zai mayar da shi, Baba ya yi faɗa, ya zauna a rumfa ya kalli tsere, su dawo gida.

"Da kika ga an manna sitika fa?"

"Ban je filin ba. Na ji tsoron ya kalli fuskata ya gane." Ta dubi almakashin. "Ina nan ina jiran ya dawo yana zagin Alƙali. Har na dafa masa abin da yake so."

Sufeto ya rufe littafinsa. Ta ce bai gama rubutawa ba.

Ta ce ranar Alhamis ta je wurin Kawu, haka take kiran mamacin tun tana ƙarama. Ta karya rantsuwar, ta faɗa masa zancen idon. Ba ta faɗa masa zancen wayar ba, don a lokacin ba ta yanke shawara ba. Ya ce mata Babanta ba ya hanuwa, ko shi bai isa ba, amma ta kwantar da hankalinta. Zai zauna a bayansa tun daga farko har ƙarshe, ya tare masa gefen dama kada wani ya shigo masa ta nan.

"Ni na ajiye shi a wurin, Yallaɓai. Ni na zubar da man, ni na ajiye shi a bayansa."

Saje ya juya yana kallon taga. Sufeto ya gaya mata cewa dole ta bi su, za a sallami mahaifinta yau, sauran kuma na kotu ne. Ya ce Alƙali ma zai amsa nasa. Ta ce ita nata ta sani. Ta tattara takardun ɗaliban a leda, ta rubuta sunan ajin a jiki, ta bar wa maƙwabciya ta kai makaranta. Ba a sa mata ankwa ba.

Sun kusa mararraba ta yi magana daga kujerar baya. Ta ce gidan Kawu yana hannun hagu, layi na biyu. Matarsa ce ta riƙa yi mata kitso har ta gama firamare. Ba ta so matar ta ji abin da ta aikata daga bakin wani.

Saje ya ce babu wannan a ƙa'ida. Ya ce gidan cike yake da mutane, ba a san abin da zai faru ba.

"Kin san ba lallai ta yafe miki ba," in ji Sufeto, bai waiwayo ba.

"Ba shi zan je nema ba."

Fitilar mararrabar ta ba su hannu. Na baya ya danna hon sau biyu. Sufeto ya ce wa direba ya yi hagu.