Tuwon Gayya da Bai Kai Ba

A wani gari can, an yi wani mutum mai rubuta wa na'ura umarnin lissafi. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Na'ura ba ta kuskure."

Ranar gayyar noma, Inna Tabawa mai girki ta zo wurinsa. Ta ce, "Ɗan nan, maza ashirin ne, mata goma, kowa malmala uku. Tuwo nawa zan kwashe?"

Ya rubuta ashirin a tara da goma sau uku. Na'ura ta ce hamsin.

Inna ta ce, "Anya kuwa? Sake dubawa dai."

Ya ce, "Inna, na'ura ba ta kuskure."

Da rana ta take aka zauna cin abinci, tuwo ya ƙare wasu ko loma ba su samu ba. Manoma suka yi ta ce wa Inna marowaciya. Ta sunkuyar da kai, ba ta ambaci sunansa ba.

Mutumin ya sulale gida ya duba. Ashe na'ura ninkawa take farawa da ita kafin tarawa: ta ba mata goma uku-uku, ta ba maza ashirin ɗai-ɗai. Da ya sa ashirin da goma cikin baka biyu, sai ta ce casa'in.

Kunya ta rufe shi. Ya ja ƙafa ya koma gona, ya ce, "Jama'a, ku ƙyale Inna. Na'ura ba ta kuskure, Inna ma ba ta yi ba. Ni ne."

Inna ta miƙa masa muciya. Ta ce, "To ungo. Saura arba'in."