Bakin Baba Illo

Ranar wata Talata da hantsi Zainulabidin ya fara ganinta, a barandar tirbinal, wato kotun Matameye. Ta durƙusa gaban wani dattijo da aka kawo daga gidan kaso, hannuwanta suna ta motsi, shi kuma yana mayar mata da nasa. Babu mai cewa uffan, amma hira suke sosai.

Ya kasa wucewa. Da ta miƙe ya yi mata sallama.

"Malama, ki gafarce ni. Me yake cewa?"

"Tambaya yake ko matarsa ta samu magani," ta ce. "Kurma ne. Wata bakwai ke nan yana tsare, ba a samu mai jin maganarsa ba."

"Me ya yi?"

"An ce ya ƙona garkar raken Alhaji Idrisa."

Ya sunkuyar da kai. "Alhaji Idrisa mahaifina ne."

Sunanta Najaha. Tana aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya, sai wanda kotu ta ba su kyauta. Lauyan daga Damagaram yake zuwa, dosiye, wato takardun shari'a, sun yi masa yawa, don haka ita ce ƙafarsa. Ita ke ziyartar waɗanda ke tsare, ta nemo danginsu, ta rubuta wa alƙali halin da gidajensu ke ciki. Maganar hannu kuwa a gida ta koya, domin marigayiya mahaifiyarta kurma ce.

Bayan kwana biyu ta je ƙauyen dattijon, wato Baba Illo, can wajen Icirnawa. Ta tarar da matarsa Batulu kwance, tari ya cinye ta, ba ɗa ba jika. Ta kai ta asibiti, ta roƙi wata maƙwabciya ta riƙa kwana da ita. A wannan makon ta ji labarin duka daga hannun Baba Illo. Ciyawa yake ƙonawa a gefen ɗan fegensa, iska ta juya. Mutane sun yi ta ƙwala masa kira daga baya, bai ji ba. Da ya waiga ya ga wuta ta kama rake, ya faɗa mata da hannu har tafukansa suka saɓule. Gaban jandarmomi kuwa, duk abin da aka faɗa gyaɗa kai ya yi, aka rubuta cewa da gangan ya yi.

Zainu ya nemo lambarta a ofishinsu. Saƙonsa na farko ya shigo bayan la'asar:

"Salam. Ni ne na barandar tirbinal. Yaya jikin tsohuwar? Tun ranar nan na kasa daina tunanin abin da na gani."

Ta amsa: "Da sauƙi. Allah Ya saka."

Daga tambayar jikin Batulu hira ta yi tsawo. Ya fara kiranta Naja, daga baya ya koma Sanyin idona. Ita ma takan tsinci kanta tana duba salula tsakanin dosiye da dosiye. Ranar da ya ce zai zo gidansu zance, ta rubuta masa:

"Zainu, ba zan ɓoye maka ba, kana raina. Amma Baba Illo amana ne a hannuna, ku kuma ku ne masu ƙara. Na gaya wa lauya da shugabarmu abin da ke tsakaninmu. Kada ka zo sai an gama shari'a."

"Zan jira, Sanyin idona," ya amsa, "ko shekara ce."

Magana ba ta ɓuya a Matameye. Akwai Sadisu, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ya taɓa neman Najaha ta ba shi haƙuri. Shi ya kai wa kawunsa labari, ya ƙara da cewa yarinyar dabara take yi, so take ta yi amfani da Zainu a janye ƙara. Alhaji ya kira ɗansa ya ce ba zai haɗa zuri'a da mai wuni a gidan kaso tana kare wanda ya mayar masa da wahalar shekara toka ba.

Saƙon da ya biyo baya Najaha ta karanta shi a ƙofar asibiti:

"Naja, tambaya ɗaya, don Allah ki gaya mini gaskiya. Da ba ɗan Alhaji Idrisa ba ne ni, za ki kula ni?"

Ta zauna a kan dakali. Ta rubuta:

"Ban taɓa roƙonka komai a kan shari'ar nan ba, ka duba saƙonnina. Tunda har ka iya tambaya, ka bar ni."

Ya kira ya fi sau goma, ba ta ɗauka ba. Mahaifinta Malam Hamisu ya lura ta rage cin abinci. Da ta gaya masa dalili, ya ce, "Ki riƙe aikinki da gaskiya, 'yata. Sauran ki bar wa Allah."

Mako uku bayan haka aka zauna shari'a. An rantsar da Najaha a matsayin tafinta. Alhaji yana layin gaba, Zainu a bayansa, ba ta dubi wajen ba.

Alƙali ya ce a tambayi wanda ake tuhuma ko shi ya kunna wutar. Baba Illo ya dafa ƙirjinsa, ya yi alamar ƙyasta ashana. Najaha ta san nauyin amsar, ta kuma san a ɗakin nan babu mai iya kama ta in ta sassauta. Ta fassara kamar yadda ya nuna:

"Ya ce shi ya kunna, da hannunsa."

Ta ci gaba da faɗar sauran kamar yadda yake ba ta: iskar, kiran da bai ji ba, gudun da ya yi cikin hayaƙi. Lauya ya sa Baba Illo ya buɗe tafukansa, sannan ya miƙa wa alƙali takardar likita da rahoton halin Batulu. Sai Baba Illo ya juya wajen Alhaji, ya yi ta motsa hannu, hawaye na bin gemunsa.

"Alhaji, ya ce tun zamanin mahaifinku yake yanka rake a garkar nan. Ya ce bai damu da kaso ba. Abin da ke cin ransa shi ne ku zaci da gangan ya yi muku."

Alhaji ya daɗe yana kallon hannuwan nan. Sannan ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na yafe."

Kotu ta yanke cewa kuskure ne, zaman da Baba Illo ya yi a kaso ya wadatar. A ranar Najaha ta raka shi gida. Kwana goma sha ɗaya ya samu da Batulu, yana ba ta kunu da hannunsa, kafin Allah Ya karɓi abarsa.

A wajen gaisuwar rasuwar Zainu ya tare ta a bakin zaure.

"Naja, na yi kuskure. Na bar maganar wani ta shiga tsakanina da abin da na sani. Ki yafe mini."

"Ka ji mini ciwo, Zainu."

"Na sani."

"Kuma aikin nan ba zan bari ba. Gobe ma akwai wata mata da ke jirana a kaso."

"Ni zan riƙa kai ki ƙofa, in jira ki fito."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ce a hankali, "To, ka je ka ga mahaifina."

Alhaji Idrisa da kansa ya jagoranci masu neman aure. Ya ce wa Malam Hamisu, "Malam, na faɗi magana a kan 'yarka ban san ta ba. Na zo in gyara."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren, ranar Asabar da safe, a ƙofar gidan Malam Hamisu. Da yamma aka kai amarya ta gaida surukinta. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, Zainu yana gefenta. Alhaji ya ɗaga hannuwa, muryarsa ta yi laushi.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuri'a mai tausayi. Ke kuma 'yata, duk wanda kika tsaya wa, Allah Ya tsaya miki."

Mutanen ɗakin suka shafa, suka ce amin.