Muryata a Bakin Rashida

"Muryar wace ce wannan?"

Baba ya danna rikoda, waƙata ta cika falo. Nasiru na durƙushe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Shekarar da soja suka koma bariki ce, duk saurayin da ya samu kyamara a Katsina ya zama darakta. Nasiruna ya ɗauko wani tsohon fim ɗin Indiya, wanda iyayenmu mata suka haddace waƙoƙinsa ta bayan katangar silima, ya mayar da shi Hausa. Sau biyu yana neman aurena, Baba na cewa ba ya haɗa jini da ɗan fim.

A ɓoye nake zuwa wani ɗaki a Ƙofar Guga in rera waƙoƙin. A fim kuwa Rashida ce jaruma. Ita ke juya ido tana motsa baki, murya tawa.

"Ramlata, zumata," in ji Nasiru, "fuska ai haya ce. Ke ce fim ɗin!"

Ni kuma sakarya na yarda.

Fim ya karɓu, gari ya ɗauka Rashida ce mai waƙa. Ita ta aiko wa Baba kaset ɗin da saƙon cewa muryata ce, wai don a yi mini dukan da zan rabu da Nasiru.

Sai Baba ya ba mu mamaki.

"Nasiru, ka ji tsoron Allah ka faɗa mani gaskiya. In muryar ɗiyata ce, ka riga ka ɓata mata suna. Ka turo manyanka in ɗaura maku aure, ku bar mani gida da abin kunyarku."

Wayyo daɗi! Ƙofar da muka shekara muna bugawa ta buɗe da kanta. Na kafe Nasiru da ido... Ka faɗa, masoyina, ka faɗa!

Ya gyara zama.

"Alhaji, muryar Rashida ce. Ramla ko hanyar ɗakin ba ta sani ba."

"Baba, wallahi ni ce!"

"Rufe mani baki! Don ki auri ɗan fim za ki laƙa ma kanki abin da ba ki yi ba?"

A soro na cim ma Nasiru yana saka takalmi.

"Me na yi maka?"

"Ki gane, Ramla. 'Yan kasuwa Rashida suke saye. In aka ji ba ita ke waƙa ba, kashi na biyu na fim ɗin ya mutu."

"Ni fa?"

"Ke ai kina nan. Asabar ki shigo, akwai sauran waƙa biyu."

Ko kunya bai ji ba. Na tsane shi a lokacin, kuma abin haushin, ina son sa.

Ban je ba. Ya yanko tsofaffin waƙoƙina ya cike kashi na biyu, bayan Sallah ya auri Rashida.

Ranar kai amarya motoci suka bi ta ƙofar gidanmu a Ƙofar Marusa, da gangan, sun ƙure kaset. Muryata ce ke raka ta ɗakinsa, baitin da na rera ina kallon idonsa.

Ina zuba wa Baba ruwan alwala. Ya saurara, ya girgiza kai.

"Yarinyar nan ta iya waƙa, Allah ya shirye ta. Na gode Allah da ba ɗiyata ba ce."

Na ci gaba da zuba masa ruwan.

"Amin, Baba," na ce, a hankali, don kada ya gane muryar.