Gurbin da Ya Koma Hannun Mai Shi

A ɗakin kwamfuta na makarantar likitanci suka fara haɗuwa, safiyar da aka buɗe guraben jarrabawar lasisi. Wanda bai taɓa ganin wannan safiya ba ya huta. Mutane ne da suka gama karatun likita, kowa ya ƙura wa allo ido yana ta danna maɓalli, don guraben kaɗan ne, wanda ya rasa kuma sai baɗi.

Shafin ya ƙi buɗe wa Auta, har ta fara huce haushinta a kan kwamfutar. Dogon saurayin da ke gefenta ya leƙo.

"Likita, a hankali. Kada maɓallin nan ya zama majinyacinki na farko."

Ta harare shi. Shi nasa shafin ya buɗe, amma maimakon ya kama wa kansa, sai ya miƙo mata ta fara kama nata. Da ƙyar ya samu ɗaya daga cikin na ƙarshe. Tun daga ranar ta raɗa masa suna Dogo, shi kuma ya ce Autata, karatun da suke yi tare ya koma rabi karatu rabi hira.

A rukunin karatunsu akwai wata al'ada: kowa ya san lambar sirrin kowa, saboda wanda shafi ya buɗe wa ya kama wa sauran. Cikinsu har da ɗan aminin babanta, wanda suke kira Mai Turare, don ƙamshinsa kan riga shi shiga ɗaki. Ya daɗe yana son Auta, kuma bai samu gurbi ba, barci ya kwashe shi a safiyar.

Da maganar Dogo ta isa gida, Baba ya taƙaita. "Likita babu lasisi ai ɗalibi ne. Ya kawo lasisi bana, in ba shi. In bai kawo ba, ba zan zauna ina jiran shafin intanet ba, ga ɗan aminina a kusa."

Ana cikin haka, wata Laraba saƙo ya shigo wayarta: "Autata, gurbina ya ɓace. Shafin ya nuna wai ni na soke da safen nan. Wallahi ban taɓa ba. Ke kaɗai na gaya wa."

Ranta ya ɓaci, ta mayar masa: "In tsoron jarrabawa kake ji, ko tsoron aurena, ka faɗa kawai. Gurbi ba ya soke kansa."

Ta daina ɗaga wayarsa. Ta yi kuka sosai, don tana son sa har cikin ranta.

Da yamma ranar Juma'a Mai Turare ya zo gaida Baba, yana ta washe baki wai Allah ya ba shi sa'a, wani ya saki gurbi shi kuma ya cafke. Auta na ajiye musu ruwa ta ji ya ƙara da cewa, "Shi kuwa Dogo, Baba, tun safiyar Laraba ya soke nasa. Ba kowa ke da zuciyar jarrabawar nan ba."

Hannunta ya tsaya a kan kofin. Wa ya gaya masa Laraba ce, kuma da safe?

Wata za ta yi ihu a wurin. Auta murmushi ta yi, ta ce, "Barka, Yaya." Ta koma ɗaki ta rubuta: "Dogona, ka yafe mini, na zalunce ka. Na san ɓarawon. Kada ka ce masa komai, ka ci gaba da karatu kamar gurbinka na hannunka."

"Mu kai ƙara mana, zuciyata," Dogo ya ce da suka haɗu.

"Kafin a saurare mu an yi jarrabawa an gama. Ka bar ni da shi."

Ta jira. Kullum Mai Turare ya zo ta gaishe shi da fara'a, har ta tambaye shi yaya karatu. Shi kuwa, saboda ganin kowa wawa ne sai shi, ko lambar sirrinsa bai canza ba.

Ranar ƙarshe ta sauya gurbi, ana gab da rufe shafin, ita da Dogo suka zauna a kujerun da suka fara haɗuwa. Duk gurbin da aka soke nan take yake komawa kasuwa, wanda ya riga dannawa ya ɗauka. Ta shiga da lambar Mai Turare. Dogo ya ɗora yatsa a kan nasa maɓallin.

"Autata, kin tabbata?"

"Kayanka ne zan karɓo maka. Ka shirya. Danna."

Ta soke gurbin, shi kuma ya danna. Gurbin ya dawo da sunansa, ba a jima ba shafin ya rufe.

Mai Turare ya faɗo gidan ko sallama bai gama ba, yana cewa an yi masa zalunci. Auta ta fito ta durƙusa gaban Baba.

"Ni na soke, Baba, kuma ban yi nadama ba. Amma a tambaye shi yadda aka yi ya san Dogo ya rasa gurbi safiyar Laraba, alhali ni kaɗai aka gaya wa."

Baba ya juya ya dube shi. Mai Turare ya sunkuyar da kai.

"Ke ma ban ce kin kyauta ba," Baba ya ce mata. Sannan ya ce da Mai Turare, "Kai kuma ka gaida mahaifinka. Wanda ya ci amanar abokin karatunsa, ba zan ba shi amanar 'yata ba."

Auta da Dogo duka suka ci jarrabawa. Ana gobe ɗaurin aure Auta ta tura wa Mai Turare saƙo: "Yaya, muna gayyatarka. Mun ajiye maka kujera, kuma wannan babu mai soke ta."

Bai zo ba, babu kuma wanda ya neme shi. Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya sa hannuwanku su zama waraka ga mutane." Ya dubi ango yana murmushi. "Kai kuma, ɗana, ka zauna da ita lafiya. Ka dai ga abin da take iyawa."